Goggo da Manyan Baƙaƙe

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a bayan babbar mota a hanyar Faskari zuwa Funtuwa, yana haɗiyar hayaƙi yana neman wurin wucewa, ya san hannun Malam Gide ko da bai san fuskarsa ba. Zakin nan da ya wangale baki a ƙyauren bayan motar masara, nasa ne. Mikiyar nan da ta suro maciji, tasa ce. Da giwar da ta tumɓuke bishiya, da ɓaunar da ta sunkuyar da kai, duk daga wuri ɗaya suka fito, wata rumfar kwano a gefen tashar Faskari, inda ƙasa ta sha fenti har an manta asalin launinta. Da wannan rumfa Gide ya ciyar da gidansa ya aurar da 'ya'yansa, a cikinta ya yi furfura, kuma saura ƙiris kalma ɗaya tak ta raba shi da ita.

Mutumin Ketare ne, can ƙasar Kankara. Mahaifinsa manomi ne da damina, maharbi da rani. Tun Gide yana ɗan mitsitsi yake bin garun mutane da gawayi yana zana abin da mahaifin ya saɓo daga daji, yau gada, gobe zomo. Ya sha bulala a kan haka har jikinsa ya saba. Da aka ga bulala ba ta magani, sai aka miƙa shi Funtuwa wurin masu ƙera bodin katako, aka ce tunda ɓata bango yake so, ya je ya ɓata na mota a biya shi. Can ya koyi haɗa fenti da riƙe burushi. Aure ne ya kawo shi Faskari, don matarsa Mero 'yar Mairuwa ce, kuma ta ce ita ba ta yin nisa da uwarta.

Gajere ne siriri, ga tabarau a bakin hanci, ga surutu. Yana da dokoki biyu da kowa a tasha ya haddace. Ta farko, ba ya zana mutum, ko sarki ne kuwa. Ya ce shi da malamai sun raba gona, ya bar musu ɗan Adam, su bar masa dabba. Ta biyu, ba ya shafe zanen da ya gama. Direba ya ce kunnen zaki ya yi tsawo, sai Gide ya ce, "Ka taɓa auna kunnen zaki? Ni ba na lashe amaina. Ɗauki motarka." Aibinsa kuwa ɗaya ne, Mero ta fi kowa saninsa: ba ya jin magana har ƙarshenta. Kana rabin zance, shi tuni kansa ya jiƙa burushi ya fara aiki.

To, ana nan sai 'yarsa Hafiza, wadda ke koyarwa a wata makarantar 'yammata a Kankara, ta zo ganin gida. Bayan la'asar suna zaune a tsakar gida ta miƙa masa waya.

"Baba, kai da ka ce babu naman dajin da ba ka sani ba, wannan fa?"

Gide ya gyara tabarau ya duba. Sai ya ja da baya har ƙeyarsa ta bugi bango.

"A'uzubillahi! Mutum ne ko aljan?"

"Goggon biri ne, Baba. Irin na kan duwatsu, can Ruwanda."

Wata ƙatuwar halitta ce baƙa wuluk, zaune cikin ganye sharaf, hazo na yawo a bayanta. Ta karyo tohon gora ta ɓare shi da yatsu a natse, kamar tsohuwa na gyaran rama. Wani ɗan ƙarami ya rarrafo ya haye cinyarta, ta sa hannu ta tallabe ƙeyarsa ba tare da ta ko dube shi ba. Wannan tallabar ce ta kashe Gide. Ya ce a maido. Aka maido. Ya ce a sake.

Hafiza ta yi masa bayani. Ta ce duk duniya ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba, kuma a duwatsun da ke tsakanin ƙasashe uku kaɗai ake samunsu. Ta ce akwai masu gadinsu dare da rana, akwai likitocinsu, kuma baƙon da ya je kallo sai ya rufe hanci da baki don kada ya shafa musu mura.

"Mura? Mutum ya rufe baki saboda biri?"

"Ba ka ji komai ba, Baba. Kowanne da sunansa. Duk shekara ana taron raɗin suna ga jariran da aka haifa."

Gide ya ajiye wayar a kan tabarma ya riƙe haɓa. "Innalillahi. Mero, fito ki ji. Ana yi wa biri suna!"

Da ta ƙara gaya masa cewa da tsagar da ke saman hancinsu ake gane su, kowanne da irin tasa kamar askar gado, kuma akwai masu zane irinsa a can da ke zana su ana saye, abin da aka samu a taimaki masu gadi, ai sai tuwo ya fita ransa. Ya sa ta tura masa hotunan cikin tasa wayar. Daga ranar tashar Faskari ba ta sake hutawa ba. Mai shayi ya ji, mai faci ya ji, 'yan kamasho sun ji har sun gaji. Da yake sunan goggon biri ya yi musu tsawo sai suka gutsure shi. In Gide ya ɓullo da safe sai ka ji, "Malam Gide, ya kwanan goggo? An yi sunan kuwa?" Shi kuma ya amsa da gaske, ya zaro waya. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya samu direban da zai yarda a zana masa ita. Kowa ya tuntuɓa sai ya ce a'a, a dai bar shi da zakinsa.

Sai ga Jabiru. Direba ne ɗan Sabuwa, mai jigilar masara zuwa kudu, ya daɗe yana tuƙa motar wani, yanzu Allah ya ba shi tasa. Ya jima bai leƙo Faskari ba, saboda haka duk wannan zance na tasha bai shiga kunnensa ba. Shi ma Gide, abin da bai sani ba shi ne Jabiru maraya ne, ƙanwar mahaifinsa ce ta raine shi, Hajiya Suwaibatu mai hatsi, wadda duk Sabuwa, yaro da babba, ba mai kiranta da wani suna sai Goggo. Ita ta sayar da shanunta aka cika aka sayi motar. Jabiru kuwa so yake ya saka mata, a rubuta sunanta a ƙyauren baya duk inda ya bi a karanta.

Ya faka motar a gaban rumfa, sabon bodi fes, katako na ƙamshi. Ya diro yana sauri, don akwai motar Sabuwa da ta cika tana jiransa.

"Malam Gide, ga ta nan na bar maka. Goggo nake so a baya."

Gide ya miƙe tsaye har gwangwanin fenti ya kife. "Me ka ce?"

"Goggo. Ka yi mini ita yadda za a hango tun daga nesa."

"Allah ya yi maka albarka, yaro! Kai kaɗai ne mai hankali a direbobin ƙasar nan. Ita kaɗai, ko da ɗanta?"

Jabiru ya ɗan yi tunani, ya washe baki. "Kai, ka kawo shawara. Goggo da ɗanta. Ai ni ne ɗan."

Gide ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɗauka barkwanci ne irin na direbobi. Jabiru ya ruga, ya kama ƙofar motar Sabuwa, ya waiwayo ya ɗaga murya.

"Da manyan baƙaƙe fa, Malam!"

"Manya-manya, baƙaƙe wuluk! Bar ni da su!"

Jama'a, ku ji fa. Yaron nan manyan haruffa yake nufi, irin waɗanda ake koya wa 'yan aji ɗaya. Shi kuwa Gide mazan garken ya hango, ƙattin nan masu furfura a gadon baya. Kowa ya tafi yana murna, kowa yana ganin an fahimce shi.

Gide ya kewaye bayan motar da tamfol, ya ce ko ƙuda bai yarda ya leƙa ba. Bai taɓa aiki irin wannan ba. Baƙi kaɗai sai da ya haɗa kala-kala, wani da shuɗi a ciki, wani da ruwan ƙasa, don gashin ya yi sheƙi in rana ta doke shi. Ya tsige burushi ya bar 'yan silli kaɗan saboda tsagar hanci. Ya zaunar da uwar a tsakiya, hannunta a ƙeyar ɗanta, ya jera ƙatti uku a bayanta cikin hazo. Idon uwar ya fi ba shi wuya. Ranar da ya same shi, ya sauko daga benci ya tsaya yana kallo, ita ma tana kallonsa, sai da tsigar jikinsa ta tashi. A can ƙasa, da 'yan ƙananan haruffa masu tsabta don kada su tare zanen, ya rubuta: Goggo da ɗanta.

Ranar buɗewa tasha ta cika, don labari ya bazu cewa Gide ya samu wanda ya yarda. Wajen hantsi Jabiru ya iso cikin shatar mota, ya zagayo da sauri ya buɗe ƙofar gaba. Wata dattijuwa ta fito, doguwa, baƙa, kakkaura, da farin mayafi da carbi a hannu. Tafiyarta kawai za ka gani ka san ba a saba yi mata musu ba.

"Malam Gide, ga Goggo na kawo ta gani da idonta," in ji Jabiru.

Gide ya durƙusa ya gaishe ta. Kalmar ta wuce ta gefen kunnensa, hankalinsa na kan igiyar tamfol. Ya ja, tamfol ya faɗi.

Tashar Faskari ba ta taɓa yin shiru irin na wannan lokaci ba. Mai shayi ya tsaya da buta a sama, shayi na zuba a ƙasa. Mutane suka dubi zanen, suka dubi rubutun, suka dubi dattijuwar, suka sake duban zanen. Can daga baya wani ɗan kamasho marar ta-ido ya ce a hankali, "Lallai biri ya yi kama da mutum." Ba a san wanda ya kwaɗa masa mari ba, an dai ji ƙararsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Jabiru ya dafe kai da hannu biyu. "Malam Gide, me na yi maka? Uwata? Uwar da ta goya ni?" Ya yi tsalle ɗaya ya shaƙe wuyan rigar Gide, tabarau ya faɗi ƙasa.

"Kai ka ce goggo! Ka ce da ɗanta! Ka ce da manyan baƙaƙe, ga su nan har uku!" in ji Gide.

"Baƙaƙen rubutu! Rubutu, Malam! Sunanta na ce ka rubuta!"

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Gide. Ya dubi dattijuwar, ya dubi 'yan haruffan da ya rubuta da hannunsa, ya zauna daɓas a kan gwangwani. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige ya ja ta ya rufe. Tsoro ya kama shi, kunya ta fi tsoron yawa.

Aka ɓamɓare Jabiru da ƙyar. Shugaban direbobin tashar, wani Alhaji mai jan gemu, ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce shi bai taɓa ganin cin mutunci irin wannan ba, ko da gangan ko ba da gangan ba. Ya ce rabin masarar da motocin tashar nan ke ɗauka daga hannun Hajiya take fitowa, kuma ko ba don haka ba, uwa uwa ce. "Magana tana bakinta. In ta yafe, mun yafe. In ba ta yafe ba, Gide, ka kwashe gwangwanayenka, kuma babu direban da zai sake kawo maka ko baro daga nan har Kankara."

Ido ya koma kan Hajiya Suwaibatu. Ta taka a hankali har gaban ƙyauren, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo.

"Kai mai fenti, taso. Mi ne ne wannan?"

"Hajiya, ki yi mini rai, wallahi rashin sani..."

"Ban tambaye ka rantsuwa ba. Na ce mi ne ne."

"Goggon biri ne, Hajiya."

"Ƙarya kake. Ina wutsiyar?"

Gide ya ɗago kai. Duk abin da ya zata za ta faɗa, ban da wannan.

"Ba su da wutsiya, Hajiya. Na wata ƙasa ne, Ruwanda." Da yake bakinsa ya saba, sai bayanin ya kama zubowa da kansa: yadda suka kusa ƙarewa, da masu gadi, da likitoci, da taron suna.

"Suna?" Ta dafe ƙirji. "Har da yankan rago?"

"Wannan ne ban sani ba, Hajiya."

"Ikon Allah. Mu nan ana kwashe mutane daga gonakinsu ba mai tambayar sunansu, can biri ke da likita." Ta girgiza kai. "To ji nan. Ni ba a haife ni cikin gari ba. Na yi tsaron gona tun ban iya ɗaura zane ba, na san goggon biri kamar yunwar cikina. In zagina za ka yi, ka zage ni da namu, ba da baƙo ba. Ka shafe wannan. Ka zana mini namu na dajin nan. In na gane shi, na yafe. In ban gane shi ba, Alhaji ya riga ya faɗi sauran."

Ka shafe. Mutanen tasha suka dubi juna, don sun san dokar. Gide ya tsaya gaban uwar birin, ita kuma tana kallonsa da idon nan da ya sha wuya a kansa. Ya so ya roƙa a cire ƙyauren a ba shi, a sa wani. Ya dubi fuskar Hajiya, ya haɗiye roƙon. Ya ɗauko babban burushi ya tsoma a farin fenti. Ya fara da rubutun, sannan ƙattin, sannan ɗan. Fuskar uwar ya bari ƙarshe, kuma da ya zo kanta sai da ya kau da kai. Hawaye yake yi, bai ɓoye ba.

Hajiya ta sauka gidan wata 'yar'uwarta a cikin gari. Washegari da farin ya bushe ta dawo, ta aiki Jabiru Daudawa ya dubo mata wani hatsi, ta ce ba ta son ganin fuskarsa yana huci a kanta. Aka kawo mata benci ta zauna a inuwar rumfa. Jama'a suka sake taruwa, ba tamfol wannan karon.

Gide ya ɗan samu ƙarfin gwiwa. Goggon biri namu na gida? Shi ɗan maharbi? Ai wannan ko ido rufe. Hannunsa ya shiga gudu, ga kai, ga kafaɗa, ga wutsiya. Kafin azahar siffa ta fito. Ya ja da baya yana goge hannu, yana jiran a yaba.

"Mi ne ne wancan a ƙugunsa?" in ji Hajiya.

Gide ya duba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sarƙa ce. Ta zagaye ƙugun birin, ta sauko, ta fita gefen ƙyaure kamar wani na riƙe da ita. Shi ya zana ta, da inuwarta da komai, kuma wallahi bai san lokacin da ya yi ba. Birin ma a tsaye yake da ƙafa biyu, ya miƙo hannu ɗaya yana roƙo.

"La'ilaha illallahu," in ji Hajiya. "Na ce ka zana mini na daji, ka zana mini na gardawa? Wannan ai fursuna ne. Wannan shi ne wanda ake sa wa riga a kasuwa shina rawa ana jefa masa sulalla."

Gide ya rufe ido ya nemi wani birin a cikin kansa, wanda ba sarƙa. Ya nema, ya nema. Ya tuna yana yaro a Ketare an taɓa nuna masa wasu duhu-duhu a kan dutse daga nesa, shi ke nan. Duk sauran da ya sani a kasuwa ya gan su, a hannun masu wasa da kura. Gumi ya keto masa. Ya san tsagar hancin birin Ruwanda ɗaya bayan ɗaya, amma bai san yadda na bayan gidansu yake zama ba in ba kowa a kansa. Zakin ma da ya yi suna da shi, a ina ya gan shi? A jikin kwalin ashana da bayan motar ubangidansa na Funtuwa.

Ya juya ga taron. "Don Allah, a cikinku wa ya taɓa ganinsa a daji?"

Direbobi ne fa, mutanen da suka san kowane rami daga nan har Legas. Aka yi ta kallon-kallo. Wani ya ce kakansa na ba da labari. Wani ya ce ai tun da aka sare dajin aka yi gawayi suka yi gaba. Alhaji mai jan gemu ya ce ko suna nan ma wa zai shiga ya dubo, dajin da yanzu mai bindiga ne kaɗai ke kwana cikinsa?

Gide ya ajiye burushi. Ya san rumfa ta tafi. Ya fara tattara murafan gwangwani.

"Wa ya ce ka tashi?" in ji Hajiya. Ita ma fuskarta ta canza, faɗan ya fita daga cikinta. "Duk garin nan ba wanda ya gani? To shafe sarƙar nan. Ni in faɗa, kai ka zana. Kuma ka saurara har in kai aya, an ce ba ka iya ba."

Ya shafe. Karo na biyu ke nan, kuma wannan karon ko gezau bai yi ba.

"Sauke shi ƙasa, da ƙafa huɗu yake tahiya, kafaɗa ta fi ƙugu tudu. Bakin ya fi haka tsawo, irin na kare. Ƙara. Idanun ka matso da su, su shige ƙarƙashin goshi, kullum kamar shina zargin mutum. Wutsiyar ba haka take ba, tana tashi sama tukuna sannan ta karye ta faɗo. Yawwa. Launin kuma ba baƙi ba ne, kamar busasshiyar ciyawa da ta sha hayaƙi."

Gide bai taɓa sauraron mutum haka ba tunda uwarsa ta haife shi. In ta yi shiru, burushi ya tsaya. In ta yi magana, ya motsa.

"Sa masa masara a hammata. Ɓarawo ne na ƙin ƙarawa, ya karya wannan ya saƙale, ya hango waccan ya saki ta farko. Kuma ba su tsoron mace, ka sani? In ni ce a gona ko kallo ban ishe su ba. Sai na saci rigar babanmu da hularsa na sa, na riƙe sanda kamar bindiga." Ta yi dariya, taron ma ya yi. "Babbansu ba ya shiga gona. Shina zaune a kan dutse shina gadi, in ya hango namiji ya yi haushi sau ɗaya, kowa ya watse. Zana dutsen."

"Wane iri, Hajiya?"

"Baƙi ne, sulɓi, kansa a rabe biyu. Ɓangaren gabas ya fi tsawo. Akwai farin zane da ruwa ya yi a gefensa tun daga sama har ƙasa. Ga tsamiya a gindinsa, ta karkata hagu. Bayan tsamiyar ka sa dannin kara, da rumbu biyu."

Muryarta ta yi ƙasa. Gide yana zana rumbun yana jin ta tana magana, ba da shi ba sosai. Gidan yayanta ne, uban Jabiru, a wani ƙauye yamma da Sabuwa. Daga nan ta ɗauko yaron yana ɗan yaye, bayan an binne iyayensa. Ta yi ta cewa in ya yi hankali za ta kai shi ya gani, yau kasuwa, gobe kasuwa, har hanyar ta rufe. Yanzu ba kowa a garin, ko kaza.

Da la'asar sakaliya Gide ya sauko daga benci. Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya yi dariya. Hajiya ta tashi ta matso, ta tsaya inda ta tsaya ranar farko. Ta daɗe. Sannan ta ja gefen mayafi ta share ido.

"Shi ne," ta ce. "Alhaji, ku bar shi da rumfarsa."

Gide ya durƙusa ya yi godiya. Daidai nan Jabiru ya dawo daga Daudawa, ya kutsa cikin mutane da sauran fushinsa. Ya ga Goggo ba ta ɓata rai ba, sai ya saki ajiyar zuciya, ya juya ga ƙyauren. Ya dubi birin da masararsa, ya dubi na kan dutse, ya gyaɗa kai.

"To, wannan dai da dama-dama. Dutsen ma ya yi kyau. Malam Gide, shi ma na can Ruwandan ne?"

Gide ya dubi Hajiya.

"A gindin tsamiyar nan aka binne cibiyarka," in ji Goggo.

Jabiru ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi tsamiyar, ya dubi rumbunan nan biyu. A hankali ya ɗaga hannu ya miƙa wajen ƙyauren. Gide ya riƙe masa wuyan hannu.

"Kada ka taɓa, ɗana. Bai bushe ba."